Mariƙin Matakalar Madam Elinor

Bas ɗin da ya kwaso mu daga New York ya sauke ni a tashar Greensboro da hantsi, ƙafafuna a kumbure, bakina sai ɗaci. Issufu, ɗan unguwarmu a Damagaram, shi ya ce in zo, shi kuma ya ce zai tarye ni. Na zauna kan benci da jakata da ɗan akwatin kayan kafinta, na kira lambarsa sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki. A kira na takwas na daina sallama, na hau zagin wayar da kanta.

"Ei, masa, wa kake wa wankin babban bargo haka da rana tsaka?"

Na ɗaga kai na ga wani dattijo mai furfura a gemu, da makullin mota a hannu. Alhaji Sumaila ke nan, mutumin zangon Kumasi, direban tasi, wanda kowa a bakinsa "masa" ne ko "cale", wato aboki. Na faɗa masa abin da ke ciki. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, sai ya sunkuya ya ɗauki akwatina.

"Taso mu je gida ka ci wake da shinkafa. Ɗan'uwanka zai fito, ai ba ƙasa ta haɗiye shi ba."

Kwana huɗu na yi a falon Alhaji kafin Issufu ya bayyana, yana ta murmushi, wai wayarsa ce ta faɗa ruwa.

Bari in faɗi abin da ya sa nake ta wannan wahala. Takardar zama ta fito mini ta hanyar cacar bizar Amurka da sunana ni kaɗai, bayan haka aka ɗaura aurena da Rakiya. Wata biyu muka yi tare. Mahaifinta, Malam Lawali, ya zaunar da ni ya ce ya ba ni shekara uku in ɗauke ta. In sun cika ban yi ba, zai kira ni mu yi magana irin ta maza, don shi ba zai ajiye 'ya tana tsufa da auren waya ba. Na ce masa shekara ɗaya ma ta yi yawa. Bakina ya daɗe yana ja mini.

Issufu ya kai ni Summerfield, arewa da gari, inda masu dawaki ke da filaye har ido ya gaji. Aikinmu kafa shingen katako. Haƙa rami, dasa gungume, buga ƙusa, tun safe har rana ta yi sanyi. Ni da na koyi sassaƙa ƙofa da taga tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ga ni ina yi wa doki katanga. Dawakin ma kallon raini suke mini. Na haƙura saboda abu guda: wata lauya ta gaya mini ba za a bar Rakiya ta zo ba sai na nuna aiki tsayayye, da takardar albashi, da wasiƙar mai aikin. Issufu kuwa kullum maganarsa ɗaya.

"Bon, Haruna, dosiyen takardunka a hannuna yake. Wasiƙa ai abin minti biyar ce."

Minti biyar ɗin ta ci shekara biyu da 'yan watanni. Ranar da ya ba ni wasiƙar na sa rigata mai kyau na kai wa lauyar a ofishinta kusa da titin Elm. Ta duba, ta danna kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta cire tabarau. Ta ce babu kamfani mai wannan suna a rajista. A idon hukuma, duk watannin nan ban yi aikin komai ba. Na fito. Da na samu Issufu na ci kwalarsa, sai ya ce wai kowa da haka ya fara, in daina abu kamar baƙauye. Ban mare shi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Na koma falon Alhaji. Don ya rage mini zafi, ran wata Lahadi ya ce in shiga gaba mu zaga gari. Ya bi da ni ta Irving Park, ya gangaro Fisher Park, unguwannin masu hannu da shuni. Na zata zan ga gilashi da ƙarfe suna walƙiya. Sai na ga tsofaffin gidaje jibga-jibga a ƙarƙashin manyan itatuwa, wasu na jan bulo da ya dafe, wasu da fararen ginshiƙai masu tsayin hawa biyu, wasu da rufin fale-falen dutse da gansakuka ta hau. Baranda mai faɗin da za a yi taron suna a kai, amma babu kowa, ko kaza. Bututun hayaƙi uku uku a gida ɗaya. Tagogi masu ƙananan gilasai, in ka kalli itace ta cikinsu sai ka ga ya lanƙwashe.

"Alhaji, waɗannan duk kuɗinsu ba za su iya rushewa su gina sabo ba?"

Ya yi dariya har ya buga sitiyari.

"Cale, a ƙasar nan talaka ne ke kwana a sabon gida. Mai kuɗi tsoho yake nema. In ka canza taga ɗaya a nan ba izini, sai kwamiti ya kira ka."

Na ce lallai arziki ma hauka ne. Mahaifina magini ne a Birnin Damagaram. Kowace shekara in damina ta ɗauke, shi da yaransa sukan bi tsofaffin gidaje su sake yaɓe, su sabunta zanen bango, su shafa makuba. A wurinmu haka ake girmama tsohon gida. Wanda ya bar gidan ubansa ya dafe, an san ɗan banza ne, kuma za a faɗa masa. Da wannan ido na kalli gidajen nan, na ce a raina masu su ba su da kunya.

Ta hannun Alhaji na san Anti Saratu, 'yar Jos, wadda yake kaiwa wurin aiki in motarta ta ƙi tashi. Tana kula da wata tsohuwar Baturiya a Fisher Park, Madam Elinor. Anti Saratu mace ce mai faɗa da bakin alheri a lokaci ɗaya. Ranar da ta ji labarina sai da ta zage ni tas don na yarda da Issufu, sannan ta ce mai gyaran tagogin gidan Madam yana neman kafinta, ta riga ta ba shi sunana.

"Ka je da wuri, ka ji? Mutumin ba ya son surutu, kai kuma na ga bakinka ba ya hutawa."

Sunansa Mista Dale. Shagonsa na bayan gidansa a Pleasant Garden, kudu da gari, inda ko burodi za ka saya sai ka tada mota. Dogo ne, ja, mai ƙarancin magana. Bai tambaye ni takardar makaranta ba. Ya miƙo mini wata ruɓaɓɓiyar taga ya ce in nuna masa. Na cire ruɓaɓɓen wurin, na sassaƙa sabon katako na haɗa shi ba ƙusa ko ɗaya. Ya shafa da yatsa ya rasa inda mahaɗin yake. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai gwada ni wata shida. In na cika su zai ɗauke ni cikakken ma'aikaci, da takardar albashi, da duk wasiƙar da lauya ke so. Ya ƙara da cewa, "Abin da na nuna maka shi kaɗai za ka taɓa." Na ce to, kamar yadda ake ce wa kowane maigida to.

A ranar na kira Rakiya na ce mata ta kusa. Ta yi guɗa a waya, na ji ƙannenta na tambayar me ya faru.

Watannin nan su ne kaɗai na ji ni mutum ne a ƙasar nan. Mista Dale yana da abubuwan ban dariya. Tsohuwar ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙe ta ya ajiye a gwangwani. Gilashin nan mai karkata gani yakan naɗe shi a bargo kamar jariri. Na taɓa ce masa a kantin kayan gini akwai sabo garau, mai arha. Ya kalle ni kamar na ce a yanka kakarsa. A raina na ce kowa da irin tasa. Aikin dai ina yi da kyau, shi ma ya sani. Har ya fara barina ni kaɗai.

A wata na huɗu muka shiga gidan Madam Elinor. Hawa uku ne, fari, da ginshiƙai huɗu a gaba. Kakan mijinta ne ya gina shi. Daga ƙofar shiga za ka ga matakala ta taso tana lanƙwasa har sama, aikin wani kafinta da ya san abin da yake yi, Allah ya jiƙan hannun. Amma mariƙin matakalar, wato dogon katakon da ake dafawa in za a hau, ya yi baƙi ƙirin. Wani wurin ya lotsa, wani wurin man da aka shafa ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kullum na wuce sai ya tsone mini ido.

Madam ta haura tamanin, 'yar ƙarama, tana tafiya da sanda. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse. Ranar farko da ta gan ni ina shimfiɗa kwali a bayan gida zan yi azahar cikin sanyi, ta aiko Anti Saratu ta ce in shigo ɗakin shan iska, akwai darduma, kuma nan ne wurina kullum. Da sanyi ya tsananta ta ba ni kwat ɗin mijinta. Takan tambaye ni sunan matata, ta maimaita shi a karkace, ta ce in Rakiya ta zo lallai in kawo ta su sha shayi. Tun da na zo ƙasar nan babu Baturen da ya taɓa tambayata ko ina da kowa. Na ƙaunaci tsohuwar nan, ba zan ɓoye ba, kuma na rasa abin da zan saka mata da shi.

Sai na ji dalilin gyaran tagogin. In bazara ta shigo akan buɗe wasu tsofaffin gidajen unguwar, mutane su zo su shiga su kalla, kuma bana har da na Madam. Baƙi ɗari-ɗari za su shigo, kuma abin da za su fara gani shi ne wannan baƙin mariƙi. Na ce a raina tsohuwa ce, ido ya yi rauni, 'ya'yanta kuma ba su damu ba. Mista Dale ma tagogi kawai aka biya shi. Babu mai rufa mata asiri sai ni.

Saura mako biyu wata shidana su cika, Madam ta tafi wurin 'yarta a Charlotte tare da Anti Saratu. Mista Dale ya ba ni makulli ya ce in ƙarasa tagogi biyu na sama ranar Asabar. Kafin azahar na gama. Na sauko, na tsaya a gindin matakala, na yi bisimilla.

Wuni biyu na yi a kai. Na sa injin goge katako, inda injin bai shiga ba na bi da samfefa da hannu har yatsuna suka yi jini. Baƙin ya yi ta fita, ƙasansa ga itace mai kyau, ja-ja, kamar yau aka sare shi. Wuraren da suka lotsa na daidaita su. Na shafa sabon mai mai sheƙi har sau uku. Da yammacin Lahadi rana ta shigo ta taga ta sauka a kansa, wallahi sai da na ga fuskata. Na ɗauki hoto na aika wa Rakiya. Na share ƙurar tas, na kulle gida, na tafi ina waƙa.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Mista Dale ya iso daidai da motar su Madam. Na tsaya gefe, hannuwa a baya, ina danne murmushi. Anti Saratu ce ta fara shiga da jaka. Ta tsaya cak, jakar ta faɗi.

"Yesu! Haruna, me ka yi?"

Madam ta shigo a hankali. Ta kalli matakalar ta daɗe. Ta taka har gindinta, ta ɗora hannu a kan mariƙin, ta shafa sama kaɗan, ta dawo ƙasa, kamar mai laluben abu a duhu. Sannan ta janye hannun ta riƙe shi da ɗayan.

"Ina wurin ya tafi?" Abin da ta ce ke nan.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a matakala ta biyu, ta yi magana ba tare da ta kalli kowa ba. Ta ce a shekarun ƙarshe mijinta da wannan katako yake jan jikinsa zuwa sama, kafin shi ubansa, kafin shi kakansa. Akwai wani ɗan lotso kusa da ƙasa inda babban yatsa ke zama. Shekara shida tun rasuwarsa, kowace safiya in ta sauko sai ta sa yatsanta a wurin.

Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa. Na juya ga Anti Saratu da Hausa.

"Anti, datti ne fa! Dattin hannu ne ya taru. Baƙi za su zo, so kike a yi da ita?"

"Ai dattin za su zo gani, wawa! Wa ya aike ka? Don Allah wa ya aike ka?"

"A garinmu wanda ya bar gidan ubansa haka…"

"Nan garinku ne?"

Na durƙusa gaban Madam na ce zan mayar da shi yadda yake, akwai mai mai duhu, zan iya. Ta girgiza kai. Ta ce ta san da kyakkyawar niyya na yi, kuma ta roƙe ni in fita.

A waje Mista Dale ya miƙo hannu na ba shi makullin. Fuskarsa ta yi jawur amma muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce a shekara talatin bai ga hannu irin nawa ba, shi ma bai kai ni ba. Amma sana'arsa duka a kan abu ɗaya take tsaye: masu gidajen nan su ba shi makulli su yi tafiya. Ba zai ƙara iya barina ni kaɗai a gidan kowa ba. Na ce ya cire asarar a albashina, na ce zan yi wata shida kyauta. Daga ƙarshe na zubar da girman gaba ɗaya na ce ya taimake ni da wasiƙar kawai, saura mako biyu, aurena ne a kai. Ya kalli ƙasa ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba zai sa hannu a kan cewa ina masa aiki ba alhali ba na yi.

Masu irin wannan sana'a a garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san juna. Na je wurin uku. Na ukun tun kafin in gama faɗin sunana ya ce, "Kai ne na matakala?" Na koma ɗaukar kwali a wani sito, aikin da ake kiranka yau, gobe a ce ka zauna gida. Lauya ta ce da wannan ba za a je ko'ina ba, ko da na samu wani aikin tsayayye gobe sai an sake lissafi daga farko. Alhaji ya yi ta ba ni baki, yana cewa Allah bai manta da kowa ba. Na ce haka ne, Alhaji. Abin da ya fi cina shi ne har yanzu in na kalli hoton nan a wayata, ina ganin aikin ya yi kyau.

Wata biyu ina ɓoye wa Rakiya. In ta tambaya sai in ce takardu na tafiya. Shekara ukun kuwa ta cika a watan da ya wuce. Ran wata Talata ina zaune a bakin sito ina cin burodin rana, ta kira. Muryarta wasai. Ta ce ta sayar da gadonta da kabad, ta raba kwanukanta ga ƙannenta, tunda ba za a hau jirgi da su ba. Yanzu a tabarma take kwana a ɗakin innarta, amma ba komai, na ɗan lokaci ne.

Na ajiye burodin. Na faɗa mata komai, daga makulli har wasiƙa. Da na gama, sai ta tambaya.

"Katakon da ka turo mini hotonsa?"

"Shi."

"Ai ya yi kyau."

"Ya yi kyau, Rakiya."

"To don me za su kore ka?"

Na buɗe baki in yi mata bayani, na ga ban san ta inda zan fara ba. Na ji tana jan hanci. Can ta ce, a hankali, dama Baba ya ce in mun gama yana son magana da ni. Na ji takunta a tsakar gida, na ji ta yi sallama, na ji wayar ta sauya hannu.

Malam Lawali ya san ni tun ina yawo ba wando, bai taɓa kirana da komai ba sai Haru. Ya gyara murya.

"Malam Haruna," ya ce, "kana wurin da za mu iya magana?"